Rigar Ƙasa da Rigar Ƙungiya: Nazarin Rayuwar Wasan Rashidi Yekini, 1981–2005

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar wasan Rashidi Yekini (1963–2012), ɗan wasan gaba na Najeriya, tun daga ƙungiyar masaƙar UNTL ta Kaduna har zuwa lokacin da ya rataye takalmansa a Abekuta. Manufarta ita ce auna dangantakar da ke tsakanin abin da ya yi wa ƙungiyoyin da suka biya shi albashi da abin da ya yi wa tawagar ƙasa. An bi hanyar nazarin tarihi wajen jera kakannin wasansa bi da bi, sannan aka dubi ƙwallaye 13 da ya ci a gasar cin kofin nahiyar Afirka ta fuskar tasirinsu ga sakamakon wasa. Nazarin ya gano cewa, saɓanin yawancin fitattun 'yan wasan gaba na Afirka, rigar ƙasa ce ta ɗaga sunan Yekini, kuma tsarin ƙungiyoyin kamfanoni na shekarun 1980 ne ya ƙera shi kafin Turai ta san da shi.

1.0 Gabatarwa

A wajen masu sharhin ƙwallon ƙafa, ma'auni biyu ake ɗora ɗan wasan gaba a kai: girman ƙungiyar da ya taka wa leda, da yawan ƙwallayen da ya zura a raga. Galibi ma'aunan biyu tare suke tafiya. George Weah ya zama gwarzon duniya a 1995, shekarar da ya bar Paris Saint-Germain zuwa AC Milan. Samuel Eto'o ya yi tashe a Barcelona da Inter Milan, Didier Drogba kuma a Chelsea. A irin wannan tsari, babbar ƙungiyar Turai ce ke gina sunan ɗan wasa, ƙasarsa kuma ta ci moriyar ginin.

Rashidi Yekini bai shiga wannan awo ba. Shekarunsa huɗu mafi albarka a Turai ya yi su ne a Vitória de Setúbal, matsakaiciyar ƙungiya a ƙasar Fotugal, kuma biyu daga cikin kakannin nan huɗu a rukuni na biyu ya buga su. Duk da haka shi ne ɗan Najeriya na farko da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta naɗa gwarzon shekara, ya kuma bar wa Najeriya tarihin ƙwallaye 37 a wasanni kimanin 60, adadin da aka shafe fiye da shekara 25 ba a kamo shi ba. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: daga ina ƙwarewar ta fito, tun da ba manyan ƙungiyoyin Turai ne suka rene shi ba? Kuma me ya sa tauraron da ya ɗauki shekara goma sha uku yana hawa ya dusashe cikin shekara biyu?

2.0 Matakalar Ƙungiyoyin Kamfanoni

An haifi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963, asalin iyayensa kuwa garin Ira ne da ke Jihar Kwara ta yanzu. Kadunar da ya tashi a cikinta gari ne na masaƙu. Kaduna Textiles da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles, wadda aka fi sani da UNTL, sun tara dubban ma'aikata daga kowane sashe na ƙasar a yankin Kakuri da kewaye. Masu tarihin rayuwarsa sun ruwaito cewa ya rasa mahaifinsa tun yana yaro, ya kuma yi aikin walda da kanikanci kafin ƙwallo ta fara ciyar da shi. A 1981 ya shiga ƙungiyar UNTL.

Wajibi ne a tsaya a kan wannan gaɓa, domin ita ce ginshiƙin nazarin. A Najeriyar wancan zamani, kamfanoni da hukumomi da attajirai ne ke riƙe da ƙwallon ƙafa. Kaduna na da DIC Bees ta kamfanin ƙera makamai, wadda daga baya ta koma Ranchers Bees. Kano na da Raccah Rovers, zakarar lig ta 1978. Gboko na da BCC Lions ta kamfanin siminti, Benin na da ƙungiyar New Nigerian Bank, Ibadan na da IICC Shooting Stars da Leventis United. Lig ɗin ba na ƙwararru ba ne a hukumance sai daga 1990, saboda haka ɗan wasa kan shiga ne a matsayin ma'aikaci, yana da albashi a ƙarshen wata, wani lokaci har da muhalli. Ga yaron da ba shi da galihu, wannan tsari ya ba da abin da makarantun horar da ƙwallo na yau ba kasafai suke bayarwa ba, wato lokaci. Ana iya yin shekaru ana koyon sana'a ba tare da yunwa ta kori mutum daga fili ba.

Bayan kaka ɗaya Shooting Stars ta ɗauke shi zuwa Ibadan. A can ya fara ɗanɗana wasannin nahiya, domin a 1984 ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka, inda Zamalek ta Masar ta doke ta gida da waje, 2–0 a Alƙahira da 1–0 a Legas. A wannan shekarar ce kuma koci Adegboye Onigbinde ya sa shi cikin tawagar da ta je gasar kofin Afirka a Kwaddebuwa, yana da shekara 20. Daga Ibadan ya koma Abiola Babes ta Abekuta, ƙungiyar attajiri M.K.O. Abiola, wadda ta ɗauki kofin ƙalubale na ƙasa a 1985 da 1987.

Ke nan kafin ya bar Najeriya ya yi shekara shida yana karo da 'yan bayan gida a filayen da ƙasarsu ta fi ciyawarsu yawa, inda ƙwallo ba ta bin layi, alƙalin wasa kuma ba ya yawan hura usur domin kare ɗan gaba. Salon da aka san shi da shi daga baya ya dace da wannan makaranta: mutum ne mai tsayin kusan mita 1.9, mai faɗin ƙirji, wanda ba ya ɓata lokaci wajen yanka, sai dai ya sa kafaɗa ya kare ƙwallo, ya ruga ta bayan 'yan baya, ya ɗirka da ƙarfi tun mai tsaron raga bai gama gyara tsayuwa ba.

3.0 Abijan da Setúbal

Ficewarsa a 1987 ta zo daidai da taɓarɓarewar tattalin arziki. Shirin gyaran tattalin arziki da gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar a 1986 ya karya darajar naira, kamfanoni suka fara janye hannu daga wasanni, kuma kafin ƙarshen shekarun 1980 an rushe Leventis United da ita kanta Abiola Babes. Kuɗin sefa na Kwaddebuwa kuwa a ɗaure yake da faran na Faransa. Stephen Keshi ya riga ya share wannan hanya, inda ya buga wa Stade d'Abidjan da Africa Sports kafin ya wuce Beljiyam a 1986. Yekini ya bi sawunsa zuwa Africa Sports, wadda ta riƙe kambun lig na ƙasar daga 1985 zuwa 1989. A can laƙabin Bijimin Kaduna ya bi shi.

Sai a 1990, yana dab da cika shekara 27, ya isa Turai. A ma'aunin yau wannan latti ne ƙwarai, amma ya kamata a tuna cewa hukuncin Bosman, wanda ya sassauta zirga-zirgar 'yan wasa a Turai, bai zo ba sai Disamba 1995. Kafin nan manyan lig-lig suna ƙayyade yawan baƙin da ƙungiya za ta sa a fili, kuma gurabun nan kaɗan 'yan Brazil da Ajantina da Holand da Jamus ne ke cinye su. Ƙofofin da suka fi buɗuwa ga ɗan Afirka su ne Beljiyam da Faransa da Fotugal.

Setúbal gari ne na bakin teku a kudu da Lisbon, ƙungiyarsa kuma tana rayuwa ne a inuwar manyan nan uku, Benfica da Porto da Sporting. A kakar Yekini ta farko ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Bai tafi ba. A kakar 1992/93 ya ci ƙwallaye 34, ƙungiyar ta dawo rukunin farko, a 1993/94 kuma ya ci 21, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a lig ɗin Fotugal baki ɗaya. A cikin wannan kakar ce Setúbal ta lallasa Benfica, wadda ta ɗauki kofin a ƙarshe, da ci 5–2 a filin Bonfim. A kaka huɗu ya tara kimanin ƙwallaye 90 a wasannin lig.

Akwai abin lura game da kyautar gwarzon Afirka ta 1993. A wancan lokaci kyaututtuka biyu ake bayarwa: ta mujallar France Football da ta CAF. Mujallar ta zaɓi Abedi Pele na Gana, wanda ya ɗauki kofin zakarun Turai da Marseille a wannan shekara. CAF ta zaɓi Yekini, mutumin da ya yi rabin farko na shekarar a rukuni na biyu na Fotugal. Masu zaɓen farko sun dubi girman ƙungiya. Na biyun sun dubi ƙwallaye takwas da ya ci a wasannin neman gurbin shiga gasar cin kofin duniya, waɗanda suka kai Najeriya gasar a karon farko a tarihinta bayan kunnen doki 1–1 da Aljeriya a birnin Aljiyas ranar 8 ga Oktoba, 1993. Wannan saɓani tsakanin kyaututtukan biyu shi ne hoton rayuwar wasansa a dunƙule.

4.0 Nauyin Ƙwallaye Goma Sha Uku

Ƙidayar ƙwallaye kaɗai takan yaudari mai nazari, domin ƙwallo ta huɗu a wasan da aka ci 5–0 ba ta kai nauyin ƙwallo tilo da ta raba gardama ba. Don haka aka ware ƙwallaye 13 da Yekini ya ci a gasar kofin Afirka domin a duba su ɗaya bayan ɗaya.

A Maroko a 1988 ya ci ɗaya, a wasan da Najeriya ta doke Kenya 3–0. A Aljeriya a 1990, gasa ta farko ƙarƙashin koci Clemens Westerhof ɗan ƙasar Holand, masu masaukin baƙi sun yi wa Najeriya kaca-kaca da ci 5–1 a wasan buɗe gasa. Abin da ya ceto tawagar shi ne nasara biyu a jere da ci 1–0 a kan Masar da Kwaddebuwa, kuma Yekini ne ya ci duka biyun (adalci ya sa a ambata cewa Masar ba ta zo da manyan 'yan wasanta ba, domin tana shirin gasar duniya ta Italiya). Ya ƙara ta uku a wasan kusa da na ƙarshe da Zambiya. A Senegal a 1992 ya ci huɗu: biyu a ragar Kenya a wasan da aka tashi 2–1, ɗaya a ragar Zayar a wasan da aka tashi 1–0, da ta nasara a kan Kamaru a wasan neman matsayi na uku. A Tunisiya a 1994 ya ci biyar: biyu a ragar Gabon, biyu a ragar Zayar a wasan da aka tashi 2–0, da wadda ta farke wa Najeriya 2–2 da Kwaddebuwa a wasan kusa da na ƙarshe, inda kuma shi ne ya buga fenaretin da ya rufe wasan.

Idan aka haɗa lissafi, abubuwa biyu ke fitowa. Na farko, a gasanni uku na 1990 da 1992 da 1994 Najeriya ta ci ƙwallaye 22, kuma 12 daga ciki nasa ne, wato fiye da rabi. Na biyu, akwai wasanni biyar da Najeriya ta yi nasara alhali babu wanda ya ci mata ƙwallo sai shi. Ƙwallaye bakwai ke cikin waɗannan wasanni biyar. In aka ƙara ta Kamaru da ta Kwaddebuwa a 1994, tara daga cikin 13 sun sauya sakamakon wasa kai tsaye.

Sai dai wannan lissafi yana da ɗaya fuskar. Najeriya ta buga wasan ƙarshe sau huɗu a zamaninsa, a 1984 da 1988 da 1990 da 1994, kuma babu sunansa cikin waɗanda suka ci ƙwallo a ko ɗaya. Uku na farko an rasa su, biyu a hannun Kamaru, ɗaya a hannun Aljeriya. A ganin mai wannan nazari, ba a rasa nasaba tsakanin wannan da yadda tawagar ta dogara da mutum ɗaya: duk ƙasar da ta iya toshe hanyar da ƙwallo ke bi ta isa gare shi, ta toshe Najeriya. Kofin bai zo ba sai ranar 10 ga Afrilu, 1994, lokacin da aka samu wani mai ci na daban. Emmanuel Amunike, wanda bai buga ko wasa ɗaya a gasar ba kafin ranar, shi ya ci biyun da aka doke Zambiya da su 2–1. Yekini ya tashi da kambun wanda ya fi cin ƙwallo karo na biyu a jere, da na gwarzon gasar.

Haka kuma ba daidai ba ne a raba ƙwallayen 1994 da tsarin da Westerhof ya gina. Sunday Oliseh na aiko da dogayen ƙwallaye daga tsakiya zuwa bayan 'yan baya, Finidi George na kwararo su daga dama, Daniel Amokachi na janye masu tsaro da ƙarfinsa. Yekini ɗan gaba ne mai ƙarasa aiki, kuma irinsa yana buƙatar masu kawo masa.

5.0 Amurka, 1994

Najeriya ta isa Amurka tana matsayi na biyar a jadawalin FIFA na watan Afrilu. Ranar 21 ga Yuni, a filin Cotton Bowl na Dallas, a minti na 21, Finidi ya shimfiɗo ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta cikin ragar Bulgeriya daga kusa. Ya bi ta har ciki, ya damƙi zaren ragar da hannu biyu yana jijjigawa yana ihu. Ita ce ƙwallon Najeriya ta farko a gasar cin kofin duniya, hoton kuwa ya zama ɗaya daga cikin sanannun hotunan gasar. Amokachi, wanda shi ma haifaffen Kaduna ne kuma tsohon ɗan Ranchers Bees, ya ci ta biyu, Amunike ya ci ta uku. Biyu daga cikin ƙwallaye ukun ranar, ke nan, 'ya'yan ƙungiyoyin Kaduna ne suka ci su.

Bai sake ci ba a gasar. Ajantina ta yi nasara 2–1, Najeriya ta doke Girka 2–0, sannan ranar 5 ga Yuli Italiya ta fitar da ita a zagaye na biyu, bayan Roberto Baggio ya farke saura minti biyu a tashi, ya kuma ci fenareti a ƙarin lokaci. Tun daga lokacin ake yaɗa zargin cewa wasu abokan wasansa sun daina ba shi ƙwallo saboda hassada ko saɓani kan kuɗi. Zargi ne da ya samu gindin zama a hirar majalisa, amma abin da ya faru a fili ya isa ya bayyana kaɗaicinsa a wasan Italiya. Amokachi ya fita da rauni tun kafin hutun rabin lokaci, Amunike ya bi shi bayan an dawo, tawagar kuma ta ja da baya tana gadin ƙwallo ɗaya da take da ita. Ɗan gaba irin Yekini, idan aka cire masa masu tallafi biyu aka bar shi tsakanin Paolo Maldini da Alessandro Costacurta, ba a buƙatar wata maƙarƙashiya kafin ya yi shiru.

6.0 Gangara

Bayan gasar ya koma Olympiacos ta Girka, ƙungiya mafi girma da ya taɓa sa wa hannu, yana da shekara 30. Zaman bai yi daɗi ba, bai kuma daɗe ba. Sporting Gijón ta Sifaniya ta biyo baya, nan ma wasanni kaɗan ya buga. Ya koma Setúbal na ɗan lokaci, sannan FC Zürich ta Suwizalan, inda ya ɗan farfaɗo da ƙwallaye 14 a kakar 1997/98. Daga nan sai Bizerte a Tunisiya, Al-Shabab a Saudiyya, da komawa Africa Sports.

Abin da ya fi cutar da shi, a fahimtar wannan nazari, shi ne rufewar dandalin da ya saba haskawa a kai. Westerhof ya tafi bayan gasar Amurka. A Janairu 1996 gwamnatin Janar Sani Abacha ta janye Najeriya daga gasar kofin Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu, sakamakon takun-saƙa da gwamnatin Nelson Mandela kan rataye Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas a Nuwamba 1995. CAF ta mayar da martani da haramta wa Najeriya gasar 1998. A lokacin ƙwallo ɗaya tak ta rage wa Yekini ya kamo tarihin ƙwallaye 14 na Laurent Pokou ɗan Kwaddebuwa, tarihin da ya tsaya har sai da Eto'o ya karya shi a 2008. Ɗan wasan da babbar ƙungiya ta riƙe zai iya jure rashin gasar ƙasa na shekara huɗu. Wanda rigar ƙasa ce babbar ƙungiyarsa ba shi da wannan madogara.

Bora Milutinović ya tafi da shi Faransa a 1998 yana da shekara 34. Ya shigo daga benci a wasan da Najeriya ta doke Sifaniya 3–2 a Nantes, wasan da golan Sifaniya Andoni Zubizarreta ya tura bugun Garba Lawal, wani ɗan Kaduna, cikin ragarsa. Bayan Denmak ta fitar da Najeriya da ci 4–1, bai ƙara sa koriyar riga ba.

Ya dawo lig ɗin gida a 2002 tare da Julius Berger ta Legas, a 2005 kuma, yana da shekara 41, ya sake fitowa na ɗan lokaci a Gateway ta Abekuta. Amma lig ɗin da ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba. Yawancin ƙungiyoyin sun koma hannun gwamnatocin jihohi, 'yan kallo sun koma gidajen kallon wasannin Ingila, UNTL da ta fara ba shi riga kuma ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. Matakalar da ya hau ta karye. Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18 a kakar 2009/10 kafin ya wuce Holand, na cikin kaɗan da suka bi wani sashe nata. Victor Osimhen, wanda ya ci ƙwallaye goma a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2015, ya tafi Wolfsburg ta Jamus ba tare da ya buga lig ɗin Najeriya ba.

Yekini ya zauna a Ibadan bayan ritaya, nesa da 'yan jarida da tarukan hukumar ƙwallo. A shekarunsa na ƙarshe jaridu sun yi ta ruwaito labarin rashin lafiyarsa. Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48, aka yi masa sutura bisa tsarin Musulunci a garin Ira.